Hasken aurora: waya ce ke yi muku ado

Tun da na ɗora hoton koren hasken nan na aurora, wanda ke fitowa a sama da dare a can arewacin duniya, inbox ɗina bai huta ba, kowa sai tambaya yake wai nawa ne kuɗin zuwa. To bari in faɗa muku gaskiya, in don wannan hasken kaɗai za ka ɗaure jaka zuwa arewacin Norwe, ajiye kuɗinka.

Mu huɗu muka yi hayar mota a birnin Tromso a watan Disamba, lokacin da rana ba ta fitowa sam, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Da hantsi dai gari kan yi wani shuɗi-shuɗi kamar bayan magariba, kafin ka ankara duhu ya rufe. Sallah ma sai da muka tambaya, ashe da yawan musulmin garin lokutan Makka suke bi a irin wannan yanayi.

Dare biyu hadari ya hana mu ganin komai. Na uku muka ɗauki titin E8 ta ƙauyen Skibotn muka nufi iyakar Finlan, don ance can sama ta fi washewa. Da hasken ya fito wallahi na zaci gajimare ne, fari-fari kamar hayaƙin murhu, sai da na ɗaga waya na ga kore shar. Kyamara tana daɗewa tana tara haske, idon ɗan adam ba ya iya wannan a duhu. Daga baya ya yi ƙarfi na 'yan mintuna, ya rinƙa kaɗawa kamar labule, a nan kam na yi tasbihi. Burbushi ne daga rana ke karo da iskar oksijin sama da kilomita 100 a kanmu, shi ke ba da koren. Ba shi da alƙawari da kowa, ka biya kuɗi ko ba ka biya ba.

Ni abin da ya tsaya min a rai dabbobin ne. Muna cikin tafiya sai ga garken reindiya, barewar ƙanƙara mai ƙaho kamar reshen bishiya, sun tare titi suna lasar ƙasa ko a jikinsu, numfashinsu na tashi a fitilar mota. Ba na daji ba ne fa, dukiyar mutanen Sami ce, wato 'yan asalin yankin, kowacce da yankan shaida a kunne. Kuma wai rashin ladabi ne ka tambayi makiyayi adadin garkensa, na ce to ai mu ma ko Bafulatani ba a yi masa wannan tambayar.

Shi yasa haushi ke kama ni da masu tuƙi ido a sama, ko su taka birki a tsakiyar kwana su fito ɗaukar hoto, a kan ƙanƙara, cikin duhu, ga tireloli na wucewa. Taya mai ƙusoshi da ake sa wa mota don santsin ƙanƙara ba laya ba ce. In ka buge dabba doka ta ce dole ka kira 'yan sanda, in kuwa mus ne, wani ƙaton naman daji dangin barewa wanda namijinsa kan haura kilo 400, to motar ce za ta faɗa maka.

Ka ware kwana biyar aƙalla, ka sa safa biyu, ka cika fulas da shayi, tankinka kada ya sauka ƙasa da rabi don gidajen mai da nisa tsakaninsu. Wayata ma cajinta na kashi 40 ta mutu saboda sanyi, hoton da kuke ta yabo da ta abokina aka ɗauka.