Ba rana kaɗai ke kashe ƙwan kwaɗo ba

'Yan uwa, yau a kan kwaɗi zan yi magana, kuma abin ya daɗe yana damuna.

Ƙwan kwaɗo ba shi da ɓawo. Wani abu ne mai yauƙi kamar miyar kuɓewa ya lulluɓe shi, uwar ta zuba shi a gefen ruwa inda babu zurfi, ta kama gabanta. Duk abin da ya sauko daga sama kai tsaye yake samun sa, har da hasken nan na UV-B da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta.

A shekarar 1994 Andrew Blaustein na jami'ar jihar Oregon a Amurka ya fitar da sakamakon gwajin da shi da abokan aikinsa suka yi a tafkunan duwatsun Cascade. Sun rufe wasu ƙwai da leda mai tace UV-B, wasu kuma suka bar su rana na dukansu. A nau'i biyu na kwaɗin wurin, ƙwan da aka rufe ya fi ƙyanƙyashewa. Na uku, wani ɗan ƙaramin kwaɗo mai hawa bishiya, ko a jikinsa, domin ƙwansa cike yake da wani sinadari mai suna fotolayes da ke gyara ɓarnar da hasken ya yi. Ikon Allah ke nan.

Amma binciken 2001 ne ya fi tsaya mini a rai. Joseph Kiesecker da Blaustein sun lura cewa shekarar da El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan sauya yanayi, ya rage ruwan sama da dusar ƙanƙara a duwatsun, tafkunan sai su ja baya, ƙwai su dawo dab da saman ruwa. Rana ta raunana su, sannan wata fumfunar ruwa ta kama su, su yi fari fat su ruɓe. Ƙwan da ke ruwa mai zurfi kuwa, galibinsa yakan tsira. Wasu masanan ma sun auna ruwan tafkuna 136 a yankin, a 2002 suka ce mafi yawansu ruɓaɓɓen ganye ya rina su har hasken ba ya ratsawa sosai.

To a nan nake saɓawa da masu ɗora laifin mutuwar ƙwan kwaɗi duka a kan ramin ozon, wato ɓulewar rufin iskar sama da ke tare hasken UV-B. Wannan matsalar duniya ta tunkare ta da yarjejeniyar Montreal tun 1987, kuma rufin yana farfaɗowa. Su kwaɗin fa? Ƙididdigar 2023 ta nuna kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma lalata musu muhalli ne kan gaba, musamman ta hanyar noma. Zurfin ruwa da inuwa da ganyen da ke faɗawa cikin tafki su ne garkuwar ƙwai da talibambam. Wanda ya sare bishiyoyin bakin ruwa, ko ya janye ruwan, shi ya miƙa su ga rana.

Mu ma nan ba mu tsira ba. Kududdufai nawa aka cike da shara a Kano aka yanka filaye a kansu? Fadamu nawa aka share har gaɓar ruwa, ana wanke tankin feshi a ciki? Talibambam yana buƙatar makonni a ruwa kafin ya fitar da ƙafafu, jelarsa ta shanye. Na sha ganin kwatamin da ya ƙafe kafin lokaci: laka ta tsattsage, su kuma sun taru baƙi ƙirin a ɗan danshin da ya rage a tsakiya, suna ta mutsu-mutsu, washegari sun bushe.

Roƙona ga manomanmu na fadama da masu yanka filaye, don Allah idan za a share, a bar itatuwa da ciyawar da ke kewaye da ruwa, kuma a daina wanke kayan feshi a kududdufi.