Babe Ruth gwarzo ne, amma da wa ya kara?

Na san wasunku za su ce wane irin besbol kuma, ana tsaka da zancen Firimiya. Ku yi haƙuri. Jiya da dare muka yi musu da wani abokina da ya yi karatu a Amurka, har yanzu abin bai bar raina ba.

Cewa ya yi ba a taɓa yin kamar Babe Ruth ba, Baturen nan mai bugu a besbol ɗin Amurka. Ni ban raina Ruth ba. Mutumin da ya doki ƙwallo ta tsallake katanga sau 714, sau 60 a kakar 1927 kaɗai, ai ba kanwar lasa ba ne. Amma daga 1914 zuwa 1935 da ya yi wasa, ko baƙar fata ɗaya ba a bari ya jefa masa ƙwallo a wasan gasa ba. An rufe musu ƙofa, sai Rube Foster ya haɗa musu tasu gasar a Kansas City a 1920.

A gasar baƙaƙen fata Josh Gibson, mai bugu, ya ƙare rayuwarsa yana wasa. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, saura wata uku Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya wariyar, ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu. Wata uku fa! Sai a 2024 hukumar babbar gasar besbol ta Amurka ta haɗa alƙaluman baƙaƙe da na sauran, sai ga Gibson a sama: cikin kowane shiga bugu dubu yana cin 372, ya ture Ty Cobb mai 367.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Satchel Paige, mai jifa. Ƙuruciyarsa duk ta tafi a kan hanya, daga wannan gari zuwa wancan, har Kuba da Meziko. Sai da ya kai 42, lokacin da sa'o'insa suka koma gida jinyar gwiwa, ƙungiyar Cleveland ta babbar gasar ta ɗauke shi a 1948, kuma a shekarar suka ci kofi. A 1965 mai kulob ɗin Kansas City Athletics ya dawo da shi don ya tara 'yan kallo. Aka kafa masa kujerar lilo a gefen fili, wata nas na shafa masa man zafi a hannu, ana dariya. Tsoho ɗan shekara 59 ya tashi ya yi jifa zagaye uku da Boston. Mutum ɗaya tak ya iya dukan ƙwallonsa ya tsira, maki kuwa ko ɗaya ba su ci ba. Yanzu ku ƙiyasta shi yana ɗan 25.

Shi ma Branch Rickey, shugaban Dodgers da ake ta yabo, ya yi ƙoƙari, ba musu. Amma ko sisi bai ba kulob ɗin baƙaƙe na Kansas City Monarchs ba da ya ɗauke musu Robinson. Bill Veeck na Cleveland ya biya kafin ya ɗauki Larry Doby daga gasar baƙaƙe, amma shi Veeck ba a cika ambatonsa ba.

Abokina ya ce ai ba Ruth ya kafa dokar wariya ba. Gaskiyarsa, ban kuma ɗora masa laifi ba. Na dai ce masa in zai sake kiran wani sarkin bugu, ya fara faɗa min ko an bar Paige ya jefa masa.