Ƴan gidan Glazer, kofi suke nema ko kuɗi?

Ranar da Tottenham ta ci Manchester United 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao, Mayun 2025, a gidan kallon unguwarmu nake zaune, kusa da ni wani dattijo ne da yake bin ƙungiyar nan tun zamanin Cantona, alƙalin wasa na busa tashi ya miƙe ya ɗau hularsa ya fita bai ce wa kowa uffan ba. A wannan kakar ta 2024/25, ta 15 United ta ƙare a Firimiya. Amma da aka fitar da lissafin kuɗin shiga na wannan shekarar sai ga fam miliyan 666, kafin nan ba su taɓa samun kamarsa ba. To ni daga nan nake kallon maganar, kuma ra'ayina shi ne masu kulob ɗin nan, wato ƴan gidan Glazer, sun gina kasuwar da ko an ci ko an sha kashi su dai kuɗi na shigowa.

Mu koma 2005. Malcolm Glazer, ɗan kasuwar Amurka, ya sayi United kan kusan fam miliyan 790, amma mafi yawan kuɗin ba nasa ba ne, bashi ya ciyo, sannan ya ɗora bashin a wuyan kulob ɗin. Kamar mutum ya sayi shagonka ne da rance ya ce cinikin shagon zai riƙa biya. Ƙungiyar da ba a binta ko sisi ta wayi gari da bashin sama da fam miliyan 500, duk shekara ana zubar da kuɗin ruwa, kuma har yau bashin nan bai mutu ba. Daga 2016 kuma ƴan gidan Glazer suka fara raba wa kansu riba, wajen fam miliyan 20 a shekara, har zuwa 2022, alhali rabon ƙungiyar da kofin Firimiya tun 2013 da Ferguson ya ajiye aiki.

Na san abin da za a ce min, ai sun kashe kuɗi. Gaskiya ne, Pogba fam miliyan 89, Maguire 80, Sancho 73, Antony sama da 80. Amma fa kuɗin kulob ne, na tikiti da talabijin da talla, ba daga aljihun ƴan Glazer suka fito ba. Sannan wa aka ba wuƙa da nama wajen sayen? Ed Woodward, tsohon ma'aikacin banki a JP Morgan wanda ya taimaka musu wurin cinikin 2005. Shi da bakinsa ya faɗa wa masu hannun jari a 2018 cewa yadda ake taka leda a fili ba shi da wani tasirin kirki kan abin da za su iya yi ta ɓangaren kasuwanci. Wallahi wannan maganar kaɗai ta ishe ni hujja. Mutumin da ya yarda da haka ba zai hana idonsa barci don an rasa kofi ba, zai sayo mai suna ne a sayar da riga, ko ya dace da tsarin koci ko bai dace ba. Kuma mu ma muna cikin lissafin, da United ta ƙulla yarjejeniya da Glo da masu lemon Chivita a Najeriya ai yawanmu aka sayar.

Dubi Old Trafford, filin wasan United. Mayun 2024 bayan wasa da Arsenal duniya ta ga ruwa na kwarara daga rufin filin kamar an buɗe indararo, filin da ya fi na kowace ƙungiya girma a Ingila amma ba a saka shi cikin waɗanda za a buga Euro 2028 ba. Gyaran rufi ba ya kawo talla, shi ya sa aka bar shi. Magoya baya ba su yi shiru ba, 2010 sun fito da mayafin wuya kore da ruwan ɗorawa don nuna adawa da ƴan Glazer, 2 ga Mayun 2021 bayan rikicin Super League, gasar da wasu manyan ƙungiyoyin Turai har da United suka so ɓallewa su kafa, suka kutsa cikin fili har aka ɗage wasa da Liverpool.

Da attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya sayi kashi 27.7 na kulob ɗin a Fabrairun 2024 ya karɓi harkar ƙwallon na yi murna sosai, kuma ban ce shi ma ba ya son nasara ba. Sai dai wa ke biyan kuɗin ɓarnar? An sallami ma'aikata 250, aka ƙara sanar da wasu har 200, aka mai da tikiti fam 66 a tsakiyar kaka ba ragi ga yaro ba ragi ga tsoho. Mai shara da mai sayar da tikiti ne suka rasa abincinsu, su kuwa ƴan Glazer da suka kawo bashin, sun karɓi ɗaruruwan miliyoyin daloli na hannun jarin da suka sayar wa Ratcliffe, kuma har yanzu su ke da rinjaye a kulob ɗin.