Murnar fam miliyan 44 da muka biya lauyoyin Landan

Tun da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a watan Oktoban 2025 cewa kamfanin P&ID ya biya Najeriya kuɗin shari'ar kwangilar gas da ya sha kaye a cikinta da fam ɗin Ingila, ba da naira ba, wasu ke ta buga ƙirji kamar mun ciwo kofi. Ni abin haushi yake ba ni. Kuɗin nan, kimanin fam miliyan 44, namu ne. Su muka zuba wa kamfanin lauyoyi na Mishcon de Reya da manyan lauyoyin da suka tsaya mana, don su fitar da mu daga ramin da muka haƙa da hannunmu. Hujjar P&ID ma kunya ce a gare mu: cewa suka yi naira ta faɗi warwas, idan aka biya mu da fam riba za mu ci.

Ba na ƙyashin abin da lauyoyin suka samu. Sun yi aikinsu, sun tono takardun banki har Amurka, suka nuna inda cin hanci ya bi. A ranar 23 ga Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles ya ce da zamba kamfanin ya samu hukuncin masu sasanci da ya ɗora wa Najeriya bashin da ya kai dala biliyan 11. To amma wa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa? A watan Janairun 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta sa hannu a kwangilar shekara 20 da wannan kamfani na P&ID mai rajista a tsibiran Virgin na Birtaniya, wai zai gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba. Ko bulo ɗaya bai aza ba, mu ma ba mu kai gas ba. Daraktar shari'a ta ma'aikatar, wadda aikinta shi ne ta tsare mana gida, ita kotu ta samu da karɓar na goro. Da kamfanin ya kai mu ƙara gaban masu sasanci a Landan, takardun sirri da lauyoyinmu ke rubuta wa gwamnati suna ta sulalewa zuwa hannun abokin gaba. A 2017 aka yanke mu biya dala biliyan 6.6 da ruwan kashi 7 cikin ɗari, wato sama da dala miliyan ɗaya kowace safiya, mu kuwa muna ta jan ƙafa.

Masu cewa Turawa ne suka haɗa baki su cuce mu, su tuna alƙalin Turawan ne ya cece mu. Masu cewa a dawo da duk sasanci Legas ko Abuja kuwa, ban san abin da suke tsammani zai sauya ba. Dokar sasanci da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2023 tana da kyau a takarda, amma idan ɓera na cikin rumbu, sauya wa rumbun wuri ba ya korar sa. Takardun da aka sace daga ofisoshinmu aka sace su.

Abin da na daɗe ina faɗa shi ne, ciwon yana wurin sa hannu. Wani babban jami'i zai zauna a ɗaki da 'yan kwangila, ya rattaba hannu a takardar da za ta ɗaure jikokinmu, babu wanda ya gani sai ranar da aka zo kama kadara. Haka aka yi da kamfanin Zhongshan na China: rigimar yankin ciniki ce tsakaninsa da gwamnatin jihar Ogun, ta kusan dala miliyan 70, amma a watan Agustan 2024 jiragen fadar shugaban ƙasa uku aka riƙe da umarnin kotun Faransa. Gwamna ya ci, tarayya ta biya da mutuncinta. Kuma ka duba, duk lokacin da aka shiga irin wannan tsaka mai wuya, sai a ruga Landan neman lauya mai lissafin kuɗinsa da awa, alhali lauyan Ma'aikatar Shari'a da ya kamata ya karanta kwangilar tun farko albashinsa bai kai kuɗin awa biyu na wancan ba, in ma an nuna masa takardar ke nan.

A buga kowace babbar kwangilar gwamnati kowa ya karanta kafin a sa hannu, a kuma rubuta sunan wanda ya duba ta. Wanda ya sayar da takarda a kai shi kurkuku, ba a yi masa ritaya ba. Ga ta Mambila nan, kwangilar gina tashar wutar lantarki ta 2003 da kamfanin Sunrise, wadda ta kai tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, ba da shaida a Paris a watan Janairun 2025, kan wutar da har yau ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba a Taraba.