Ƙarfen da aka sa wa yaro a ƙashi, wa ke bin diddiginsa?

In aka sa wa yaro ƙarfe a ƙashi, aka ɗebi jininsa bayan wasu watanni aka auna, ba abin mamaki ba ne a ga ɗan ɓurɓushin ƙarfen a ciki. Likitocin ƙashi sun daɗe da sanin haka. Ƙarfen nan mara tsatsa da ake faranti da sukuru da shi akwai kiromiyam da nikel a cikinsa, shi kuma titaniyam ɗin da aka fi amfani da shi gauraye yake da aluminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari. Cikin jiki kuwa ruwa ne mai gishiri mai ɗumi, a hankali yake lasar ƙarfe, kaɗan ya shiga jini, kaɗan ya zauna a tsokar da ke kewaye.

Toh wannan bai kai a ƙi tiyata ba, ko kusa. Yaron da cinyarsa ta karye, ko wanda ƙashin bayansa ke lanƙwashewa har yana danne huhu, illar barinsa haka ta fi ta ƙarfen nesa ba kusa ba. Siraran ƙarafan da ake zurawa cikin ƙashin yara ma galibi ana zare su cikin shekara guda in ƙashin ya haɗe.

Inda na fi damuwa shi ne ƙarfen da ke motsi, wanda wani sashensa ke gogar wani. Ku duba sandunan MAGEC da ake sa wa ƙananan yara masu lanƙwasar baya, ana ƙara musu tsawo da maganaɗisu daga waje ba sai an riƙa fasa bayan yaro duk bayan wata shida ba, wallahi dabara ce mai kyau. Amma da aka fara cire su sai likitoci suka riƙa tarar da naman da ke kewaye da sandar ya yi baƙi ƙirin kamar an barbaɗa masa gawayi, garin titaniyam ne da gogayya ta niƙa, kuma awon jinin yaran ya nuna titaniyam ya hau. A 2020 hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Birtaniya ta ce a dakata da sa su. A 2021 kuma aka janye sandar Precice Stryde mai ƙara tsawon ƙafa, bayan an ga ƙashi na zaizayewa daidai inda sassanta biyu suka haɗu.

Manya dai an riga an ɗan koyi darasi a kansu. A 2010, shekarar da aka janye ƙugun ƙarfe na DePuy ASR, an fito da ma'auni, ƙarfen kobal ko kiromiyam in ya wuce kashi 7 cikin biliyan a jini sai a ƙara bincike. Titaniyam a jinin yaro fa? Har yanzu babu adadin da masana suka yi ittifaƙi a kai cewa daga nan haɗari ya fara. Kuma abin lura, dattijo ɗan shekara 70 zai yi 'yan shekaru ne da ƙarfensa, yaro ɗan shekara 7 kuwa jikinsa girma yake, wanda aka ɗaure wa ƙashin baya zai iya yin shekara 60 da sandunan.

Wasu za su ce ai sai a cire kowane ƙarfe da zarar ƙashi ya warke. Ba haka abin yake ba. Cirewa ita ma tiyata ce, da allurar barci da yanka da yiwuwar ciwon ya ruɓe, ramukan sukuru kuma suna raunana ƙashin na ɗan lokaci har ya iya sake karyewa. In kuma aka yi ta jan ƙafa, ƙashin yaro sai ya toho ya lulluɓe farantin, cirewar ta zama aiki ja.

Shi ya sa nake ganin babban giɓin yana wajen bibiya. Bai kamata a sallami yaro ba tare da an ba iyayensa takarda mai ɗauke da sunan ƙarfen da kamfaninsa da lambarsa ba, don ranar da aka ce an janye wani samfuri su san ko nasu na ciki. Su ma iyaye su buɗe baki su yi tambaya, ba rashin kunya ba ne: wannan na cirewa ne ko na zama, in na cirewa ne yaushe? In 'yan kunne ko kan bel na sa wa yaron ƙuraje a faɗa tun kafin a shiga ɗakin tiyata, don alamar nikel bai karɓe shi ba ce, ana iya sa masa titaniyam. In yana da ciwon ƙoda shi ma a faɗa, tunda ƙoda ce ke tace kobal da kiromiyam. Ciwo ko kumburi ko ja da ya taso a wurin bayan an daɗe da warkewa kuwa, a koma asibiti a ɗauki hoton ƙashi, kar a jira ranar da aka rubuta a kati.