Makin da aka ba Goggo ba nata ba ne

Bara na raka goggona wani asibiti a nan Jos, saboda 'ya'yanta sun ce ta fara mantuwa. Likitan matashi ne mai ladabi. Ya ɗauko takarda ya ce, "Mama, yau nawa ga wata?" Ta ce goma sha biyu ga Sha'aban, kuma daidai ta faɗa, amma ba watan da takardar ke nema ba ke nan. Ya ce ta cire bakwai daga ɗari ta yi ta cirewa, sannan ya miƙa mata biro ta rubuta jimla. Ta mayar masa da bironsa ta ce, "Ɗana, ni ajami na sani." Cikin maki 30 ta tashi da 18, alhali ƙasa da 24 ake fara zargin ƙwaƙwalwa ta taɓu. Matar da ke riƙe da adashin mata ashirin a ka, ba ta taɓa ɓatar da kwabo ba!

Wannan gwaji, MMSE, a Amurka aka fitar da shi a 1975, kuma masana sun daɗe da sanin cewa wanda bai yi boko ba yakan samu maki kaɗan ko da lafiyarsa ƙalau. Jarrabawar boko aka yi wa Goggo, aka kira ta awon ƙwaƙwalwa.

Kada a ɗauka ina ƙin waɗannan ma'aunai ne. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi mana ƙaranci ƙwarai, kuma takarda irin PHQ-9, mai tambayoyi tara kan yadda mutum ya ji a makonni biyu da suka wuce, tana ba nas a asibitin sha-ka-tafi damar gano ciwon damuwa cikin 'yan mintoci. Wannan alheri ne babba a garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, inda da yawa ke kwana da abin da suka gani.

Inda gizo ke saƙa shi ne harshe. Sau da yawa takardar da Turanci take, ma'aikaci ya fassara da ka nan take, kowa da irin tasa Hausar. Mara lafiyarmu kuwa abin da zai ce shi ne "tunani ya yi min yawa", ko "ƙirjina ya yi nauyi", ko "jikina ya mutu". Tambaya ta tara a takardar PHQ-9 ta fi ci min rai: ko ka taɓa jin gara ka mutu? A yi wa matar aure ita a gaban miji ko suruka, me za ta ce ban da "A'uzubillahi"? Sai a rubuta sifiri, ta koma gida da abinta a ciki.

Akwai abin koyi a gida. A shekarun 1990, masu bincike kan mantuwar tsofaffi a Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka sun yi amfani da gwajin da aka tsara don waɗanda ba su yi karatu ba, har da tambayar ɗan uwa yadda tsoho ke tafiyar da harkokinsa. Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta da ke Lamingo suna da ƙwararrun da za su iya tsayar da fassarar Hausa guda, a gwada ta kan mutanenmu, a buga a raba wa ƙananan asibitoci. A kuma sa wa ma'aikata ƙa'ida: tambayoyin zuciya, sai an fitar da 'yan rakiya waje.

Da muka koma bayan wata guda, na roƙi likitan ya tambayi Goggo wa ya kwashi adashi a makon da ya wuce, wa kuma ke biye. Ta jero masa su duka ashirin, har da biyun da ba su zuba ba.