Har yaushe za mu riƙa biyan kuɗin facin rami ɗaya?

Duk mai shago a irin manyan gine-ginen kasuwancin nan da suka cika Kano ya san akwai kuɗin da ake karɓa a hannunsa bayan kuɗin haya. Ana ce masa na shara ne, da na maigadi, da na fitilar waje, da na gyaran harabar da motoci ke tsayawa. Shara ana kwashewa ranar da aka ga dama. Maigadi yana nan dare da rana, Allah ya saka masa. Amma kuɗin gyaran haraba, wallahi ban san sunan da zan ba shi ba in ba cuta ba.

A ginin da nake haya, ramin da ke bakin ƙofar shiga ya girmi wasu daga cikin 'yan hayar. Kowace shekara sai an manna mana takarda a bango cewa za a yi faci, kowa ya kawo kasonsa. Mu kawo. A yi facin. Kafin watan Agusta ya raba tsakiya ramin ya dawo, ya kuma zo da 'yan uwansa. Badi a sake manna takarda, kuɗin ya ƙaru, mu sake kawowa kamar waɗanda aka asirce. Jama'a, wannan wace irin rayuwa ce?

Bana na ƙi shiga shago, na tsaya a kansu don in ga abin da ake yi da kuɗinmu. Tifa ta sauke kwalta da hantsi a gefen katanga, ko tampol ba a rufa mata ba. Leburori suka zauna jiran ɗan kwangila, shi kuwa bai iso ba sai bayan Azahar. Lokacin kwaltar ta huce, ta dunƙule, sai da diga ake fasa ta. Ramin kuma akwai ruwan daren jiya kwance a cikinsa, da laka, da ledar fiya wata, da murfin kwalba. Wani yaro ya sa tsintsiya ya ɗan kaɗa ruwan, abin da ya fita ya fita. Aka cika baro da ɓaraguzan bulo daga bayan gini aka juye a ciki, aka watsa kwalta a kai, aka bubbuga da bayan shebur. Daɓen ƙarshe kuwa, motar ɗan kwangilar ce ta bi ta kai, gaba da baya, shi ke nan an gama. Har yashi aka barbaɗa a sama don ido ya ga kamar an yi abin kirki.

Na ce wa shugaban leburorin, "Malam, a kan ruwa za ku zuba?"

Ya ce, "Alhaji, in ta bushe za ta kama."

Na ce, "Ina injin daɓe?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba ya cikin lissafi. Abin da aka ba mu ke nan."

Ban ga laifinsa sosai ba. Ɗan ƙwadago ne, abin da aka sa shi yake yi, kuma da yamma za a sallame shi. Laifin na wanda ya karɓi kuɗin aiki cikakke ne ya kawo gyaran gangar Abzinawa, da na wanda ya sa hannu ya ce an yi.

Abin da ya fi ƙona min rai, facin kwalta ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake aikin titi na gaskiya ya ga yadda ake yi. Ana shata wurin da ya lalace har a shiga cikin lafiyayyar kwalta, a sa injin yanka a fitar da shi kusurwa huɗu, gefunansa a tsaye cak, domin sabuwar kwalta ta sami abin jingina. Idan aka bar bakin ramin a zagwanye yadda yake, facin zai zo da kauri a tsakiya, siriri a gefe, kuma daga gefen nan taya ke fara ɓantararsa. Bayan yanka sai a kwashe duk abin da ya ruɓe har a tarar da ƙasa mai tauri. In ƙasan ta jiƙe ta yi laushi, dole a haƙe ta, a zuba fasasshen dutse ko jar ƙasa mai kyau, a daɓe hawa-hawa. Sai a share ƙura, a tabbatar wurin ya bushe ƙayau, a shafa ruwan kwalta a ƙasa da gefuna don sabuwa ta kama tsohuwa. Sannan a zuba kwaltar da zafinta. Daga injin haɗi tana fitowa da zafin da ya kai wajen digiri 150, kuma da zarar ta sauko kusan digiri 80 ba ta ƙara daɓuwa yadda ya kamata, ko da wace irin rola aka kawo. To ina ga wadda ta wuni a gefen katanga tana shan iska? Idan ramin na da zurfi ba a cika shi a tashi ɗaya, ana zuba kamar inci 2 a daɓe, a ƙara a daɓe, a bar shi ya ɗan ɗara tsohuwar kwaltar tudu kaɗan saboda zai zauna. A ƙarshe a bi layin haɗin da ruwan kwalta a toshe.

A duk matakan nan, wanne aka yi mana? Ko ɗaya.

Kuma ko an yi su duka, in ba a taɓa maganar ruwa ba an yi aikin baban giwa. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke fasa musu titi: ruwa ya shiga tsaga, ya daskare, ya kumbura. Mu nan ba mu da wannan uzurin. Namu ruwan sama ne da yake zuwa da ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba, sai nauyin mota. Kwalta shimfiɗa ce kawai, ƙasan da ke ƙarƙashinta ce ke ɗaukar kaya. Rana ta gasa kwalta shekara da shekaru har ta bushe ta tsattsage kamar bayan kada, ruwa ya bi tsagar ya jiƙa ƙasan, taya ta danna, laka ta tsartso ta tsagar, ƙarƙashi ya zama fanko, wata rana wurin ya rufta. Ramin da ake gani a sama ƙarshen labari ne.

Yanzu a zo a dubi harabarmu. Indararon benen gaba ɗaya a kan kwalta suke zuba, babu wanda aka haɗa da lambatu. Lambatun da ke gefen katanga ya cika da yashi da leda har ciyawa ta fito a ciki, rabon da a yashe shi tun ana kiran ginin sabo. Filin ajiye motoci ana yi masa ɗan gangare, kamar santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya gudu. Namu gangaren ciki ya kalla, duk ruwan da ya sauka a bakin ƙofa yake taruwa, daidai inda kowace mota ke taka birki ta karya kan. Ga masu wankin mota da aka ba wa haya a lungu ɗaya, ana karɓar kuɗinsu, ruwan sabulunsu na bin kwalta rani da damina. Ga janareto jere a bayan shaguna, man gas da baƙin mai na ɗiga. Kwalta daga ɗanyen mai ake samunta, shi ya sa man gas ke narkar da ita. Je ka taɓa inda babban janareton yake, da ɗan yatsa za ka kwarfo tsakuwar.

Sai manyan motoci. An shimfiɗa wurin ne don ƙananan motocin masu sayayya, amma da daddare tirela ke shigowa sauke kaya, tankar ruwa ma nan take juyawa. Tun gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 injiniyoyi suka san cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba daidai take tafiya da nauyinta ba: idan nauyin da ke kan layin tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar na ninkawa wajen sau 16. Ma'ana tirela ɗaya mai lodi ta fi dubban ƙananan motoci cin wurin. Wanda ya san haka zai zuba kankare mai rodi a bakin ƙofa da wurin sauke kaya, ya huta. Namu masu ginin kuɗin sauke kaya suke karɓa a hannun direba, kuɗin faci kuma a hannunmu. Riba biyu a rami ɗaya.

Da muka je wurin wakilin mai ginin, amsarsa a shirye take. "Ku yi haƙuri, kun san dala." Na sani. Ba yau aka haife ni ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, komai ya tashi, har kwalta, tunda daga waje ake shigo da ita. Abin takaici ne ma a ce ƙasar da ke da kwalta kwance a ƙarƙashin ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo, da matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 mai sashen fitar da kwalta, ita ce ke jiran jirgin ruwa. Wannan maganar wata rana ce. Amma Yallaɓai, yashe lambatu da dala ake yi? Kwashe ruwa daga rami kafin a zuba kwalta, sai an je canji a Wapa? Tampol ɗin da za a rufa wa kwalta kada ta huce, daga Dubai za a yi odarsa? Hayar ƙaramin injin daɓe na wuni ɗaya bai kai kuɗin da shaguna biyu ke bayarwa ba. Tsadar kaya dalili ce ta a yi aiki sau ɗaya ya daɗe, su kuma sun mai da ita dalilin yin aikin banza duk shekara.

Wani lokacin kuma sai wakilin ya ce ai gwamnati ce ba ta gyara titin gabanmu ba. Wannan ma kauce wa magana ce. Hukumar FERMA da aka kafa a 2002 hanyoyin tarayya take kula da su, KARMA kuma na jiha. Daga bakin ƙofa zuwa ciki mallakar mai gini ce, shi ke karɓar haya, shi zai gyara. Babu injiniyan gwamnati da zai shigo ya yi maka facin harabarka.

Mu kuwa asara ta ko'ina. Wata Hajiya da ta saba sayen kaya a wurina ta kira ni a waya daga bakin titi ta ce, "Ɗana, aiko yaro da kayan, ba zan ƙara shigo da motata wurin nan ba." Ranar da aka yi ruwa ramin ya ɓuya, ta faɗa, gindin injin ya daki bakin kwalta, baƙin mai ya tsiyaye, sai janwe aka kira. Ita mai kirki ce, ta kira. Nawa ne suka juya suka tafi wani wurin ba su ce komai ba? Masu adaidaita sahu sun daina shigowa, sai su sauke fasinja a titi, tsohuwa da jaka ta ratso taɓo. Maƙwabcina mai sayar da tayil kullum cikin lissafin fasassun kwalaye yake, domin mai kura ba ya iya tsallake wurin ba tare da kaya sun girgiza ba. Baba maigadi ya gaji da ɗaga hannu yana nuna wa direbobi gefen da za su bi, ya samo tsohuwar taya da reshen darbejiya ya kafa a tsakiyar ramin. Wannan ita ce alamar gargaɗin ginin da ake biyan miliyoyi haya a cikinsa. Da magariba kuma sauron da ke tashi daga ruwan nan, sai ka rufe shago kafin lokaci.

Zan faɗi abin da kowa ke faɗa a bayan ido. Ramin da aka gyara da kyau ya daina kawo kuɗi. Wanda aka shafa wa baƙi a sama kuwa, badi ma akwai kwangila, akwai kason wanda ya kawo ɗan kwangilar, akwai na wanda ya duba aiki. Ban kama hannun kowa ba, amma an tambayi rasit an ce yana wurin akanta, an tambayi sunan kamfanin an ce "yaranmu ne", an tambayi tan nawa aka sayo an ce ba huruminmu ba ne. Kuɗinmu ne huruminku, bayaninsa ne ba namu ba? Me ya sa kuma ba a taɓa yin aikin da rani ba, daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da ƙasa ke bushe, sai an bari ruwa ya sauka mutane sun fara ihu, a zo a yi na gaggawa wanda ba mai tsayawa ya duba?

Yanzu wata takardar ta sake fitowa, an ce za a yi "gyara na musamman", an kuma ƙara kuɗi. Ni dai sisina ba zai fita ba sai an zauna da 'yan haya an rubuta abin da za a yi. A fara yashe lambatu, a haɗa indararo da shi, a gyara gangaren bakin ƙofa. Wurin da tirela ke tsayawa a zuba kankare, in ba za a iya ba a hana su shigowa. Masu janareto kowa ya yi wa nasa dakali da abin tarar mai. Ɗan kwangila ya zo da injin yanka da injin daɓe mu gani da idonmu, a rubuta kaurin da zai zuba, kuma a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai facin ya ga ƙarshen damina. Masu shagunan layinmu sun amince da haka, na saman bene ma muna bin su ɗaya bayan ɗaya. In wakilin ya ga dama ya kira taron ranar Asabar, in bai ga dama ba mu da kanmu za mu nemi mai ginin, mu kai masa hotunan facin bara da na bana, mu tambaye shi ko ya san abin da ake karɓa da sunansa.